Hular Kwano da Kayan Kariyar Mai Babur: Yadda Ake Zaɓa, a Gwada, a Saka Daidai

Mai sayen hular kwano yakan ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, in ya ji tauri sai ya ce ta yi. Ba a ɓawon waje babban aikin yake ba. Hula ta gari sassa huɗu gare ta. Akwai ɓawon, na roba mai tauri ko na zaren gilashi ko na zaren kabon, wanda yake baza ƙarfin bugu, ya hana abu mai tsini hudawa, ya kuma sulale a kan kwalta kada ya cije. A ƙarƙashinsa akwai farin soso mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tallafe talabijin da shi a cikin kwali, kaurinsa daga santimita 2 zuwa sama. Sai shimfiɗa mai laushi da take taɓa fata, sai maɗaurin haɓa.

Farin soson nan shi ne ran hular. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya daki ƙasa ya tsaya cak, ita ba ta tsaya tare da shi ba, sai ta ci gaba ta bugi ƙashi daga ciki. Soson yana murƙushewa a hankali, ya ja lokacin tsayawar ya ɗan tsawaita, kuma wannan ɗan jinkirin da ido ba ya gani shi ne yake rage ƙarfin da ke isa ƙwaƙwalwa. Da zarar ya murƙushe kuwa, ba ya sake kumburowa. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan take fitowa: hula tana aiki ne sau ɗaya, kuma sai in tana kan mai ita daram a lokacin da ake bukatarta.

Nazarin da Cochrane, ƙungiyar masu tantance binciken lafiya, ta fitar a 2008, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa da yake cikin waɗanda suka duba T. E. Lawrence, shahararren hafsan sojan Birtaniya, bayan faɗuwar babur da ta yi ajalinsa a 1935, shi ya dage har sojan Birtaniya suka wajabta wa masu hawan babur ɗinsu hula a 1941.

Abin da doka take nema

Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta wajabta hula tun 1961, Birtaniya a 1973, Biyetnam kuma ta shimfiɗa dokar a kan dukkan hanyoyinta a Disambar 2007. A Amurka kowace jiha da tata, har akwai uku, Illinois da Iowa da New Hampshire, da ba su tilasta ta. Faransa ta wuce kan hula, tun Nuwambar 2016 direba da fasinja dole su saka safar hannu mai shaidar inganci. Beljiyam tana neman safar hannu, riga mai dogon hannu, dogon wando, da takalmin da ya rufe idon sawu.

Idan za ka duba dokar inda kake, ga tambayoyi biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya take auna nagartar doka da su: shin ta hau kan direba da wanda ya goya, ta shafi kowace irin hanya, ta shafi kowane girman inji, ta ce sai an ɗaure maɗauri, kuma ta ambaci ma'aunin ingancin da hula za ta cika? Inda dokar ta yi sassauci, mu shawararmu a bi waɗannan biyar ɗin duk da haka. Masu sikuta da ƙananan babura su fi lura da wannan, domin su ne suka fi cewa ai ba gudu suke ba. Babban gwajin da ake yi wa hula a Turai ana yinsa ne a gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 27 a awa. Yawancin bugun da kai yake sha na faɗowa ne daga tsayin da mutum yake zaune zuwa ƙasa, kuma wannan tsayin kusan ɗaya ne ko babur ƙarami ne ko babba.

Karanta shaidar inganci

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22, wanda ake rubutawa ECE 22.05, ko sabonsa ECE 22.06. Kada ka tsaya kan sitikar da aka manna a ƙeyar hula. Juya maɗaurin haɓa, za ka ga ɗan ƙyalle a ɗinke. A jikinsa akwai da'ira mai harafin E da lamba, lambar ƙasar da ta amince da hular ce, misali 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, ba ƙasar da aka ƙera ta ba. A ƙasa akwai doguwar lamba da take farawa da 05 ko 06. Sai harafi: P na nufin an gwada makarin haɓa kuma yana kariya, J hula ce buɗaɗɗiya marar makarin haɓa, NP tana da makarin amma bai ci gwaji ba, P/J kuwa ta hula mai ɗagawa ce, wato wadda ake ɗaga makarin haɓarta sama, da aka yarda a tuƙa da ita a rufe ko a buɗe. In da zaɓi a ɗauki 06, domin ita aka ƙara wa gwajin bugu a karkace, irin wanda yake murɗa kai, kuma murɗawar nan tana cikin abubuwan da suka fi yi wa ƙwaƙwalwa illa.

Na Amurka shi ne DOT, a rubuce a ƙeya tare da FMVSS No. 218. A san cewa kamfanin da ya ƙera hular ne yake shaidar kansa, hukuma kuma ta riƙa ɗaukar samfuri tana gwadawa daga baya, don haka sitikar DOT ta fi sauƙin jabu. Snell gidauniya ce mai zaman kanta da take nata gwajin, sitikarta tana ciki ƙarƙashin shimfiɗa. Indiya tana da alamar ISI mai lamba IS 4151.

Jabu ana gane ta da hannu. Ɗaga shimfiɗar ka taɓa soson: in siriri ne, ko mai laushi irin na katifa, ko babu shi gaba ɗaya, ajiye ta. Kama gefe da gefe ka matsa, in ta lanƙwashe cikin sauƙi ba ta yi ba. Duba inda maɗauri ya haɗu da ɓawo, ya kamata ka ga ƙusar ƙarfe mai ƙwari, ba ɗinki ko maɓallin roba ba. Hula mai rufe fuska ta gaske nauyinta yakan kai kilo 1.3 zuwa 1.7, wadda ka ɗaga ka ji ta sakayau abar zargi ce. Hular leburan gini da ta mai keke da ta wasa ba su maye gurbinta, ba don irin wannan bugun aka yi su ba.

A game da nau'i, mai rufe fuska gaba ɗaya muke fifitawa, ba tare da wata-wata ba. Binciken da Dietmar Otte ya yi a Jamus a kan hulunan da suka yi haɗari ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun a yankin haɓa yake sauka. Buɗaɗɗiyar hula ta bar muƙamuƙi da haƙora da hanci a fili. Rabin hula, wadda ta tsaya a saman kunne, ta bar ƙeya da gefen kai ma, kuma ita ta fi saurin tuɓewa. Mai ɗagawa tana da daɗi ga mai yawan tsayawa yana magana da mutane, amma a sauke makarin har ya yi ƙas kafin a tashi, sai dai in tana da P/J.

Awo da gwaji

Nan ne mutane suka fi kuskure, kuma kusan kullum kuskuren ɗaya ne: sayen wadda ta yi yawa, saboda ita ta fi daɗi a minti na farko.

Ɗauki tef ɗin tela ka zagaya kai, kimanin santimita 2 a saman gira, ta saman kunnuwa, ta inda ƙeya ta fi tudu. Auna sau biyu ko uku ka ɗauki mafi girma. Yawancin kamfanoni suna bin wannan: 53 zuwa 54 XS, 55 zuwa 56 S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Lambar mafari ce kawai, domin kawuna sun bambanta a siffa, wani dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, wani zagayayye, kuma kowane kamfani da irin kan da yake yi wa hula. Mai kitso ko mai tara gashi ta auna da gashin a yadda za ta riƙa hawa da shi, a kwantar da shi ƙasa wajen wuya, kada a tara shi ƙulli a cikin hula. Ba a saka hula mai kauri a ƙarƙashin hular kwano, siririn ƙyalle mai tsotse gumi ne kaɗai ya halatta.

Wajen sakawa, riƙe maɗaurin biyu ka buɗa su gefe, ka shigar da kai. Ya kamata ta ɗan yi gardama wajen shiga. In ta faɗa da kanta, ta yi yawa. Bakinta na gaba ya zauna kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu a saman gira. Soson kumatu ya danne kumatun har ka ji kamar za ka ciji cikin bakinka in kana magana. Gwada cusa yatsa tsakanin goshi da shimfiɗa, bai kamata ya shiga cikin sauƙi ba. Riƙe hular da hannu biyu ka juya ta hagu da dama: fatar fuska ta bi ta, kada ta zame a kan fata. Danna makarin haɓa zuwa ciki, kada ya taɓa baki ko hanci.

Sai gwaji mafi muhimmanci. Ɗaure maɗauri, sunkuyar da kai, ka sa wani ya kama ƙeyar hular daga baya ya ja ta sama zuwa gaba da ƙarfi. In ta fita, ko ta rufto har ta rufe ido, to haka za ta yi ranar haɗari. A canza.

In ta ci waɗannan, zauna da ita minti 15 zuwa 20. Matsi ko'ina daidai ba laifi ba ne, shimfiɗar za ta saki bayan 'yan kwanaki ana sakawa. Amma ciwo a wuri guda, ko jan tabo a goshi bayan an cire, alama ce siffar ba ta kanka ba ce, kuma ƙara girma ba zai gyara ba, wani kamfanin za ka nema. Kada a kuskura a kankare soson ko a danne shi da cokali don a sami wuri. Mai tabarau ya gwada da tabaransa.

Maɗauri iri biyu ne suka fi yawa. Mai zobba biyu: zura igiyar ta cikin zobban duka, ka dawo da ita ta saman na farko ta cikin na biyu, ka ja har ta kama. Ɗan maɓallin da ke ƙarshen igiya na hana ta kaɗawa ne cikin iska, ba shi ne ɗaurin ba, kuma akwai masu manna shi kaɗai su tafi. Mai haƙora kuwa turawa ake yi har ya yi ƙara, amma igiyarsa tana saki da kanta a hankali, sai a riƙa dubawa. Kowanne ne, ya zauna ƙarƙashin muƙamuƙi wajen maƙogwaro, ba a kan tsinin haɓa ba, kuma kada fiye da yatsu biyu su shiga tsakaninsa da fata. Hular da ba a ɗaure ba takan bar kai tun mutum yana sama bai kai ƙasa ba.

Gilashi, wanki, da ranar rabuwa da ita

Da dare farin gilashi kawai. Mai duhu na rana ne, kuma wanda ya karce yana tarwatsa hasken fitilun da ke tahowa har ya makantar, a sauya shi. In yana yin hazo da numfashi, buɗe kafar iskar haɓa, ko a sa masa ƙarin gilashin ciki irin na Pinlock. Ƙwari da suka bushe a jiki ba a kankare su, a shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle na minti biyar su jiƙa, sannan a share. Mai buɗaɗɗiyar hula ya nemi tabarau na babur, na ado yana iya fashewa a ido.

Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi sun isa wanki. Fetur, tina, da fenti suna cin roba su narkar da soso ba tare da an gani daga waje ba, don haka ba a ɗora hula a kan tankin mai, ba a yi mata fenti, ba a huda ta don ɗaura wani abu. Rataye ta a kan madubi yana lotsa soson daga ciki. A shanya shimfiɗa a inuwa, nesa da wuta da salansa.

Duk hular da ta daki ƙasa da kai a cikinta ta gama aiki, ko da ba a ga tsaga ba. Wannan ne ya sa ba ma goyon bayan sayen ta hannu, ba ka san abin da ta sha ba. In ta suɓuce daga kan kujerar babur babu kai a ciki, yawanci ba komai, amma a ɗaga shimfiɗa a duba ko soson ya tsage ko ya lotsa. Ko ba haɗari, yawancin masu ƙerawa suna cewa a sauya bayan kimanin shekara 5 ana amfani, saboda gumi da man gashi da zafi suna lalata gam da shimfiɗa har ta fara rawa a kai. Ranar da aka ƙera ta tana rubuce a ciki.

Sauran jiki

Kwalta kamar magagari take ga fata. Wanda ya faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa ba tare da ya yi shawara ba, shi ya sa bayan hula safar hannu ce ta biyu. A nemi mai rufe yatsu duka, tafinta na fata mai ninki biyu, da maɗauri a wuyan hannu. Ɗaure ta ka sa a ja ta daga yatsu, in ta fita ba ta da amfani. Ma'auninta EN 13594, haruffan KP kuma na nufin tana kare gaɓoɓin bayan hannu. Ka tabbata kana iya kama birki da kuloci ba tare da ta takure ka ba.

Takalmi ya haura idon sawu, domin babur in ya faɗi a kan ƙafa yakan faɗi. Kama shi ta gaba da dunduniya ka murɗa kamar mai matse wanki, sannan ka matse tafinsa ta gefe da gefe: wanda ya lanƙwashe a hannunka zai lanƙwashe da ƙafarka a ciki. Igiyar takalmi a cusa ta ciki, tana maƙalewa a giya ko birki, mutum ya zo tsayawa ya kasa sauke ƙafa. Silifas da takalmi buɗaɗɗe ba na babur ba ne ko tafiyar minti biyu ce. Ma'aunin takalmi EN 13634.

Riga da wando suna da ma'aunin EN 17092. AAA ya fi kowanne jure gurzawa, AA na bi masa kuma shi ya fi dacewa da yawancin tafiye-tafiye, A na cikin gari ne. B yana jure gurza amma babu makaran bugu, wato faifan kariya da ake sawa a cikin tufa, C kuwa makaran ne kawai. Fatar saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4 har yanzu tana kan gaba. Wandon jins na yau da kullum yakan huje cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya yana gurzar kwalta, siririn yadin roba kuma narkewa yake ya manne a rauni. Makaran kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa da kwatangwalo suna ƙarƙashin EN 1621-1, na gadon baya EN 1621-2, kowanne mataki biyu, na 2 ya fi rage ƙarfin bugu. Riguna da yawa suna zuwa da ɗan soso kawai a aljihun baya, a zaro shi a duba, in babu lamba a sa na gaske. A gwada kaya a zaune kamar ana tuƙi, domin makarin gwiwa da ya zauna daidai a tsaye yakan gudu sama in an naɗe ƙafa, kuma rigar da ta yi yawa juyawa take da makaran da ke jikinta su bar inda aka sa su.

Zafi shi ne uzurin da aka fi kawowa, kuma uzuri ne na gaske. Maganinsa riga mai raga-raga wadda aka ƙarfafa kafaɗunta da hannuwanta, hula mai launi mai haske da kafofin iska a buɗe, da yawan shan ruwa. Launi mai haske da ƙyalle mai ƙyalli da dare suna kuma sa direban mota ya hango ka da wuri. Mai doguwar tafiya ya sa abin toshe kunne, ƙarar iska a cikin hula a gudun kilomita 100 takan haura desibel 90, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Tufafi masu jan ƙasa suna bukatar kulawa ta musamman. Gyale, doguwar riga, ko igiyar jaka in suka shiga sarƙa ko tayar baya, fizgo mutum suke ta wuya ko su kulle tayar nan take. A tattare su a zauna a kai kafin a tashi, kuma kada a cire murfin sarƙa. Wanda aka goya yana bukatar duk abin da direba yake bukata, da hula daidai kansa. Hular babba a kan yaro tana rawa, tana yi wa wuyansa nauyi, tana kuma fita. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakala ba, ko wanda barci zai iya ɗauka, bai isa goyo a babur ba.

Idan an yi haɗari

Kada a yi gaggawar cire wa wanda ya faɗi hula, mai yiwuwa wuyansa ya samu rauni, kuma jan hular yana iya taɓa lakar. A kira masu agajin gaggawa, a tsare hanya kada wata mota ta ƙara, mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan a yadda ya same shi, a ɗaga gilashi a yi masa magana. Ana cirewa ne kawai in ba ya numfashi, ko yana amai, ko jini ya toshe masa hanyar iska. A nan mutum biyu ake so. Na farko ya riƙe hular ta gefe biyu, na biyu ya kwance ko ya yanke maɗauri, ya cire tabarau in akwai, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙeya, ɗaya a muƙamuƙi. Wasu hulunan suna da jajayen igiyoyi a ƙasan soson kumatu, in an ja su soson yana zarewa hular ta saki. Sai na farko ya buɗa gefen hular, ya ɗan karkata ta baya ta wuce hanci, ya zare ta a hankali, na biyu yana tallafe da kan kada ya faɗi. A tafi da hular asibiti tare da shi, inda ta bugu yana nuna wa likita inda zai fara dubawa.